Geron Iri a Cikin Furata

Na sha rabin ƙwaryar fura kafin na hango kazarmu kwance inda na zubar da ƙasari, ruwan wankin geron furar, tana shure-shure. Ƙasar wurin ta yi ja-ja. Cokalin ya faɗi daga hannuna.

"Inna, wane hatsi na surfe yau?"

"Na buhu mana, ɗiyata. Mi ya faru?"

Sai ta dafe ƙirji. Ashe ɓeraye sun huda ƙaramin buhun iri, wanda Baba ya cuɗa da jan maganin shuka yana jiran ruwan farko na damina. A gidanmu ba a barin hatsi a ƙasa. Inna, da idonta ya yi rauni, ta share wanda ya zube, ta juye a buhun abinci.

"Kamar nawa, Inna?"

"Bai kai tiya ba. Ko ya kai? Wallahi ban sani ba."

Na tsuguna ina lissafi da yatsa a ƙasa. In tiya ɗaya ce cikin goma, kashi goma cikin ɗari ke nan. To, maganin nawa ne a jikin kowace ƙwaya? Nawa ya bi dusa, nawa ya bi ruwa, nawa ya rage? A sakandare an koya mana tace yashi daga ruwa, da ƙafar da ruwa a sami gishiri. Babu wanda ya ce ga yadda ake raba abu da cikin mutum. Lissafin ya tsaya, bakina yana ta tara yawu, ban san ko magani ne ko tsoro ba.

Inna ta ɗura mini nono tana salati. Maƙwabcinmu ya ɗauke ni a babur daga Kamarawa zuwa Isa, hanyar da kowa ke gudu in ba dole ba. Ina riƙe da takardar da maganin shukar ya zo a ciki, na kasa ko addu'a sosai.

Malamar asibiti ta karanta takardar, ta haska idona, ta taɓa wuyan hannuna.

"Kin surfe? Kin wanke?"

"Har ruwan ya yi fari."

"To kwanta, mu gani. Ba ni da abin auna shi nan."

Na kwanta ina sauraron cikina, duk motsi sai in ce shi ne. Bayan la'asar ta sake duba ni, ta daɗe tana kallon ƙwayar idona.

"Tashi, ƙanwata, kin tsira. Amma buhun nan, kada ko akuya ta ci."