Kwalin da Na Hana a Ƙona

Shekara tara ke nan da rasuwar mijina, Malam Habibu, kuma har yau akwai mutane a Makka da ke sassauta murya idan an ambaci sunansa. Ni ba zan sassauta tawa ba.

Daga Zariya muka zo, shi da takardar karatun fiƙihu, ni da goyon 'yarmu Ruƙayya, muka kama ɗaki biyu a unguwar Rusaifa. Komai lafiya lau har ranar da ya dawo daga Alƙahira da wasu takardu da ya kwafo. Na malaman Kirista ne na zamanin da, waɗanda suka zauna a biranen Italiya suna sharhin dokokin coci. Tsarin shafin ne ya fara kama shi: doka a tsakiya, sharhi ya kewaye ta da ƙananan haruffa, sak hashiyar littattafanmu. Idan hukunci biyu suka ci karo, sai su yi ta juya su har su daidaita. Ya ce min mutanen nan sana'armu ɗaya da su, alƙibla ce ta bambanta. Daga nan ya shiga rubuta nasa a gefen nasu da jar tawada, yana kawo abin da malamanmu suka faɗa a kan mas'ala irin wannan, inda aka dace da inda aka rabu. Har gori nake masa cewa ya fi sanin limaman Nasara a kan maƙwabtansa.

Habibu bai iya ɓoye abin da ya burge shi ba. Ya zari shafi guda ya kai majalisar ɗalibai 'yan gida da ke zama a unguwar Jarwal bayan la'asar. Kafin mako ya zagayo, magana ta kai har Zariya cewa Habibu na karatun Nasara a gefen Harami. Masu ɗaukar karatu a wurinsa suka janye ɗaya bayan ɗaya. Aka daina kiransa ɗaurin aure. Ruƙayya ta dawo daga makaranta tana tambayata da Larabci ko da gaske ne babanta ya bar salla. Cikin duk masu maganar nan, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarmu ya tambaye shi me ya rubuta. Da wannan tabon ya kwanta ciwo, da shi ya tafi, kuma ban yafe ba tukuna.

Ranar sadakar uku mutum uku suka zo gaisuwa. Jagoransu Malam Tukur ne, amininsa da suka kwana kan tabarma ɗaya a Muzdalifa. Ya ce don rufin asirin mamaci in miƙo kwalin takardun a ƙona. Daga bayan labule na ce, "Malam, ka karanta ko shafi ɗaya?"

Ya ce ba sai ya karanta ba.

"To, halas, magana ta ƙare. Kwalin nan ba inda za shi."

Ni na karanta, da ɗan Larabcina, cikin watannin takaba. Na nemo shafin da ya kai Jarwal. Malaman can suna cewa ba a yanke wa mutum hukunci sai an kira shi an ji ta bakinsa, hujjarsu kuwa ita ce Ubangiji, da ya san komai, sai da ya kira Annabi Adamu ya tambaye shi kafin ya fitar da shi. Habibu ya rubuta a gefe cewa mu ma mun karanta yadda aka tambayi Iblis abin da ya hana shi sujada. Shi ke nan abin da ke shafin. Iblis ma an tambaye shi, mijina ba a tambaye shi ba.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Nazarin addinai ya zama abin ado, ana karɓar digiri a kansa, ana tsayawa gaban waya ana bayaninsa mutane na jinjinawa. Na san shi, dariya zai yi, ya nemi kujera a sahun gaba. A watan jiya Malam Tukur, wanda yanzu gemunsa ya yi fari kuma littafi yake rubutawa a wannan fannin, ya aiko matarsa neman aron kwalin.

Ruƙayya, wadda yanzu ita ma fiƙihu take karantawa, ta ce, "Ummi, da Baba ne, wallahi ba shi zai yi."

Gaskiya ta faɗa. Abin da ya bar mata ke nan, kuma ya fi takardun daraja: bai taɓa jin tsoron shafi ba, bai taɓa rowar ilimi ba. Amma ni ba Habibu ba ce, kuma sunan da aka ɓata shi 'yata ke amsawa a duk takardar da za ta cike. Na ce wa matar ta gaya masa ƙofa a buɗe take. Ya zo falona ya zauna ya karanta, shafi bayan shafi, ni zan kawo shayi. Idan ya gama, ya koma Jarwal bayan la'asar, majalisar da shi ma ya yi magana a kan Habibu a da, ya faɗi abin da ya gani a rubuce. Ranar nan zan aika masa kwalin har gida.

Malam Tukur, ban yanke maka hukunci ba. Na kira ka, ina jiran ta bakinka.