Wasiƙar da Ta Zo Umma Tana Takaba

Ina da shekara goma sha uku Baba ya rasu, bai bar wasiyya a rubuce ba. Flat ɗinmu na unguwar Thamesmead, can ƙasar Turawa, da sunansa yake. Lauya ya ce kada a taɓa komai sai kotu ta ba Umma takardar izinin raba gado. Ita kuwa Umma burinta a sayar da flat ɗin mu koma Kano kafin sanyi ya sake shigowa.

Ta shiga takaba. Ba kwalli, ba turare, ko baranda ba ta leƙawa. Ni ke sayo madara, ni ke karanta wasiƙu. Takalman Baba suna nan a bakin ƙofa, ina sharewa ina zagaye su, don ban san ko su ma suna cikin abin da lauya ya hana taɓawa ba.

Wasiƙar kotu ta zo cikin ambulan ruwan ƙasa. Sai Umma ta je da kanta ta yi rantsuwa, Talata mai zuwa. Saura mata kwana arba'in da ɗaya ta fita takaba.

"Kira su ki ce ina takaba," in ji Umma.

"Ba za su gane ba, Umma."

"Turancin da kike zuba wa ƙanenki fa? Nan ne kawai kike da baki?"

Wata mata ce ta ɗauka, ina jin ƙarar cokali a kofinta. Na ce mahaifiyata ba za ta iya fita ba. Ta tambaya ko ba ta da lafiya ne. Na tuna wata huɗu da kwana goma, na ga bayanin ya yi mini tsawo. Na ce eh.

"To, a aiko da takardar likita, sai mu matsar da sati biyu."

Kwana uku ina riƙe da maganar. Na faɗa wa Umma tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago ba.

"Da ƙarya za mu fara raba gadon ubanki?"

Ta sa na sake kira, tana tsaye a kaina, tana faɗa da Hausa ina mayarwa. Matar ta yi mana ta'aziyya, na ji tana buɗe takardu. Ta ce idan har sai bayan sati shida, to babu wuri sai bayan Kirsimeti.

Na faɗa wa Umma. Ta ce, "Allah Ya kai mu."

Da yamma ta kira ni kicin. Ashe tun sadakar bakwai ta kyautar da rigunan sanyinmu ga maƙwabciyarmu 'yar Gana, tana cewa Kano ba a bukatarsu.

"Je ki gaishe ta," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ki ce ta ara mana biyu."