Baba Gimba da Maganin Kaji

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Baba Gimba a Potiskum ya san da tafin hannu rawaya zai koma gida. Ku yi haƙuri in rubutuna ya karkace, yau kwana tara da rasuwarsa.

Ƙanin mahaifina ne. Shara yake yi a ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya, amma ko likitan Bature bai kai shi ji da kai ba. Wani hutu da na dawo daga makarantar 'yan mata, ya dire mini gwangwani biyu: ɗaya man shafa wa ƙuna da gyambo, ɗaya garin da malamin dabbobi ke rabawa saboda zawon kaji. Duk rawaya.

"'Yar boko, karanta."

Na karanta: naitirofurazon. Na biyun ma haka.

"La'ila! Ashe mu da kaji maganinmu ɗaya!"

Tun ranar unguwa ba ta huta ba. Ya yanke sunan ya koma Furaza. Kaza ta lumshe ido, Furaza. Jaki ya goge baya, Furaza. Wani mutumin Nangere ya kawo ƙafa duk faso, Baba ya barbaɗa masa na kaji.

"Baba, ba zan fara cara ba?"

"In ka fara, ai garinku sun sami ladan."

Ga rowa! Da tsinken ashana yake aunawa. Zakaran maƙwabcinmu ya tsallako ya sha ruwan maganin kajinsa, Baba ya ɗaure shi kwana uku.

"Gimba, sakar mini zakara!"

"Sai maganina ya gama fita. Ba zai tafi mini da shi gidan wani ba."

Bara tafasasshen man gyaɗa ya zubo mini a ƙafa. Ciwo ya ruɓe har yana wari, ga man shafawa ya ƙare a wurin aikin su Baba. Mata suka ce in na je babban asibiti yanke ƙafar za a yi. Na rarrafa wurinsa ina kuka.

"Baba, zuba na kajin!"

Ya rungume gwangwaninsa. "Ke kaza ce?"

"Ba kai ka ce ɗaya ne ba?"

"Na ce. A ƙafar mutanen Nangere."

Ya ari keke, shi da bai iya hawa ba, wai likita ba ya isa gari a ƙasa. Haka ya tura shi har Fika, ya samo na mutane, ya turo shi ya dawo, ƙafafunsa sun kumbura sun fi tawa. Kullum shi ke wanke ciwon, ya laɓta man ba awo, har na taka.

Ran Laraba yana duba tabon, ya ce, "Kin ga aiki?" Sai ya jingina da bango. Na yi ta kira, bai amsa ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Yadda ka sanyaya mini, Allah Ya sanyaya maka makwanci.