Zanar da Yaya Mamman Ya Dafa Tuwo da Ita

Ni ne ba ni da gaskiya, ba Yaya Mamman ba. Gara in faɗa da bakina tun da fari, don na san ku mutanen unguwarmu a Bodinga kun daɗe da yanke hukunci, kara ce kawai ta hana ku gaya mini.

Duk wanda ya san yayana ya san kalmarsa: "Ya isa!" Matarsa Kulu ba ta gama karkata kwalbar manja ba, sai ka ji murya daga zaure, "Ya isa!" Yadda yake gane ana zuba mai alhali bango ya raba su, Allah kaɗai ya sani. Yara suka mayar da kalmar sunansa, Mamman Ya-isa, yana kuwa amsawa.

Tun da na yi wayo ban ga ya sayi ashana ba. Kullum da safe sai a ɗebo garwashi a gidan maƙwabcinmu Malam Garba. Wata rana Malam Garba ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Mamman, wai yaushe za ka sayi ashana?"

"Taka ta ƙare?"

"A'a."

"To mine na gaggawa?"

Shayinsa kuwa, sai wanda ya sha. Ganye ɗaya ake tsomawa a ciro, a shanya a igiya kamar wanki, gobe a sake. Wani abokinsa ya zo daga Sakkwato, aka kawo masa kofi. Ya leƙa ciki, ya ga gindin kofin tar, ya ce, "Mamman, sha zan yi ko alwala?"

Yaya ya ce, "Kai dai sha. Ganyen ga liman ya sha shi ran Juma'a, albarka gare shi."

Ba zan manta ranar da ya ɗauke ni a babur ɗinsa za mu ɗaurin aure Shagari ba, lokacin da fetur ya fara hauka. Duk inda hanya ta ɗan yi gangare sai ya kashe inji, mu riƙa silalawa kamar masu rakiyar kunkuru. Inda ta yi tudu sai ya ce, "Sahabi, sauka ka tura, kai ad da ƙuruciya." Na isa Shagari babbar rigata ta jiƙe sharkaf. Mun tarar an shafa fatiha, an watse, ko goro bai rage ba. Na cika na yi fam. Shi kuwa ya buɗe tanki, ya leƙa, ya yi murmushi.

"To mi munka rasa? Aure ya ɗauru, mai ya rage."

Tun rasuwar mahaifinmu gandu ɗaya muke, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, shi ke riƙe da komai. Albasa muke nomawa a fadama, amma a gidanmu ba a cin mai kyau, sai wadda ta fara ruɓewa, a yanke gefen a jefa a miya. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Shekarar da albasa ta yi kuɗi, ya ba ni kasona, sai kaina ya kumbura. Na sayo zana sabuwa dal, na kafa ta a tsakar gida, na raba gidan biyu. Bayan la'asar, zaure cike da mutane, na tsaya a kansa na ce:

"Daga yau na raba tukunya. Na gaji da miyar da mai ke wucewa ta gefenta. Kai dai rowar nan ita ce likkafaninka."

Wasunku kuna wurin. Kun ji da kunnenku. Yaya ya ɗago ya dube ni.

"Zanar ga nawa ka saye ta?"

Na faɗa masa.

"Sun cuce ka. Da ka hwaɗa min da na kai ka inda ta fi araha."

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Na ga shi bai yi dariyar ba, carbinsa kawai yake ja, na kau da kai.

Sai na shiga sarauta. Shinkafa yau, taliya gobe, kifi, burodi, ashana kwali guda don kawai in nuna ni ma mutum ne. Ba a jima ba tsadar rayuwa ta taso gadan-gadan. Abin da ka saya da safe, da yamma ya ƙara kuɗi. Shinkafa ta zama wadda ake gaisawa da ita daga nesa. Matata Luba ta soke burodi, ta soke nama, ta koma raba dunƙulen magi biyu. Ran nan na kama ta tana lallaɓowa daga gidan Malam Garba da garwashi a murfin kwano. Muka haɗa ido, ta wuce murhu da shi.

'Ya'yana kuwa ba ruwansu da girman kan ubansu. Suka huda zana daga ƙasa, da sun ji ƙamshin tuwo sai su sulale. Wata rana ina zaune a bayan zanar na ji Yaya yana cewa, "Kulu, ƙara ma ɗiyan ga tuwo." Wallahi tun da aka haife ni ban taɓa jin kalmar "ƙara" a bakinsa ba sai ranar.

Luba ta ce, "Maigida, ka je ka ba Yaya haƙuri mu koma. Gero ya kusa ƙarewa."

Na ce, "Ni? Allah ya kiyaye."

Gero ya ƙare ɗin kuwa. Na dawo daga fadama da azahar ina tunanin wanda zan je in sunkuyar wa da kai, sai na ga tsakar gida fayau. Babu zana, ko tsinke. Ga Kulu da Luba a murhu ɗaya, wuta na ci bal-bal, Yaya na zaune a tabarma.

"Yaya, ina zanata?"

"Tana ƙarƙashin tukunya."

"Ƙona mini ita ka yi?"

"Ka san kuɗin itace yau? Ga busasshen abu tsaye tsakar gida, ba ya aikin komi sai tara ɓeraye. Wanke hannu."

Na wanke hannu. Na ci tuwon da aka dafa da zanata, har na side kwano. Tukunya ta koma ɗaya, amma haƙurin nan ban ba shi ba. Kullum sai in ce gobe. Shi ma bai taɓa tayar da maganar ba, har na ɗauka ya manta.

Bayan damina ciwo ya kwantar da shi. Da ƙyar muka kai shi asibiti a Sakkwato, yana ta faɗan kuɗin mota. Da muka dawo gida jiki ya ƙi, sai ya sa Kulu ta ciro wani ƙunshi daga ƙasan akwati. Likkafani ne, ya saya ya ajiye tun yadi na da araha. Ya shafa shi, ya dube ni yana ɗan murmushi.

"Ka gani, Sahabi? Yadi na. Ba rowa ba."

Ashe maganar tana nan daram a ransa.

Bai daɗe ba bayan nan ya cika, kuma a cikin yadin muka kai shi. Allah ya jiƙan Yaya Mamman, ya yalwata masa kabarinsa, ya ciyar da shi kamar yadda ya ciyar da 'ya'yana. Abin da nake gode wa Allah shi ne a ranar da ya nuna mini likkafanin nan bakina ya buɗe, kuma ya ji ni da kunnensa, har ya ɗora hannu a kaina. Na durƙusa a gefen shimfiɗarsa na ce:

"Yaya, ni na ci tuwonka na zage ka a gaban mutane. Ƙarya na yi, wauta ce ta sa ni. Don Allah ka yafe mini."