Ƙoda Don Ɗan Fari

A unguwar Ruwais, nan ƙasar Larabawa, na haifi ɗan farina, kuma shekara hamsin da ɗoriya ban taɓa kiran sunansa ba. Haka uwata ta taho da al'adar daga gida lokacin da suka zo aikin Hajji suka zauna. Ɗan fari ba a ambatonsa, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. In ina nemansa sai in ce a kira mini wancan.

Sai ƙodojinsa suka daina aiki, duka biyun. Aka ɗora shi kan injin wankin jini, sau uku a mako. Direban babbar mota ne, ƙaƙƙarfa, amma cikin shekara biyu agogonsa ya koma yana zamewa har tsakiyar dantse. Nakan bi shi asibiti, sai dai ban shiga ɗakin. A benci nake zama a waje, in wani ya tambaya in ce zafin gari ne ya koro ni.

A bencin nan na lura da wani abu. Balarabe zai zo, a yi watanni ana ganinsa, sai a daina. In ka tambaya a ce ai ƙanensa ya ba shi ƙoda. Namu kuwa, baƙaƙe irina, su ne nan bara, su ne nan bana, har ranar da za a ce wane ya rasu. Na tare likitarsa, wata yarinya da ba ta kai 'yata ta uku ba, na faɗa mata a fuskarta cewa fifiko suke yi. Na ga son kai a garin nan tun ina goye, ba wanda zai koya mini kamanninsa.

Ba ta yi fushi ba. Ta tambaye ni ƙannensa nawa. Na ce biyar. Ta ce a cikinsu wa aka roƙa? Na ce ta cire tawa, halas. Ta ce da sukarin da ke jinina da shekaruna ba likitan da zai taɓa ni, ta sake maimaita tambayarta.

Ba wanda aka roƙa. Wasu namu tsoron a tambaye su iƙama, takardar izinin zama, ke hana su kusantar asibiti, wannan gaskiya ne, amma 'ya'yana takardunsu lafiya lau. Ni ce. Duk wanda ya ce ya jikinsa, sai in ce da sauƙi. Shi ma da sauƙi yake cewa. Shekara biyu muna raba wa ƙannensa da sauƙi, suna karɓa suna tafiya.

Na zayyana wa likitar abin da ake faɗa a unguwa: wanda ya ba da ƙoda ba ya ƙara azumi, mace ba ta ƙara haihuwa. Bayan mako ɗaya ta haɗa ni da wata mata da ta ba mijinta tata, ga jaririya a kafaɗa. Ni ko kifi ban saya sai na duba idonsa, don haka na ja ta bayan labule na ce ta ɗaga riga. Tabon bai kai tsawon yatsana na tsakiya da rabi ba. Na danna, ta yi dariya.

Ranar Juma'a na tara su a gidan autata a Aziziyya. Na tuƙa tuwo da kaina, na bari sai da kowa ya sa hannu. Sannan na kira sunansa, cikakke, yadda ubansa ya raɗa masa. Loma ta tsaya a hannun kowa.

“Yayanku mutuwa yake yi,” na ce. “Ba sauƙi. Ƙarya nake muku. Ban taɓa roƙon kowa komai ba a garin nan, yau ina roƙo. Ba dole, wanda ya ƙi ɗana ne har gobe. Amma ku je a auna jininku.”

Autar ce ta fara magana. Ita a bakinta Hausa da Larabci tare suke fita. Ta share ido da bayan hannu ta ce, “Wallahi ya Inna, ashe kin san sunansa. Mu mun ɗauka a asibitin haihuwa kika manta shi.”

Yayan nasu ne ya yi gardama. Ya ce babba ba ya cin na ƙanensa, gara ya jira abin da Allah zai yi. Na ce masa ni ma yau na ajiye kunyar da ta girme shi, shi wane ne da ba zai ajiye tasa ba. Ya sunkuyar da kai.

Uku suka je. Ɗaya jininsa bai dace ba. Na biyu aka gano hawan jini da bai san yana da shi ba, yanzu yana kan magani. Ta uku autar ce, nata ya dace. Likitoci sun yi watanni suna aune-aune, har suka keɓe ta suka tambaya ko wani ne ya matsa mata. Ta ce musu in da uwarta ta matsa mata da tuni sun ji ihun daga Aziziyya.

Ranar aikin na shiga ɗakinsa, na zauna a gefen gadon. Ma'aikaciya ta nuna mini jakar da ke rataye a ƙasa tana cika da fitsari, ta ce sabuwar ƙodar ta kama aiki. Ban taɓa zaton zan yi guɗa saboda fitsari ba, sai da aka zo aka ce in yi haƙuri akwai marasa lafiya.

Ya koma tuƙi, ƙaramar mota dai yanzu. Autar ta yi azuminta bana ba ta sha ko ɗaya ba. Matan unguwar Ammariyya kan zo gidanta su ce gaisuwa ce ta kawo su, ni kuwa na san abin da suka zo gani, sai in ce ta ɗaga riga. Tana ƙorafi wai na mai da cikinta talabijin, amma tana ɗagawa. Wata maƙwabciyarmu ta dā, mijinta na kan injin shekara huɗu, ta danna tabon kamar yadda na danna na waccan matar. 'Ya'yanta biyu za su je awon jini ranar Lahadi, ta ce gabanta na faɗuwa. Na ce ta biyo ta ɗauke ni.