Sai Ta Gyaɗa Kai

Jiya na dawo daga sulhun iyakar gona a Ƙarfi, inda kowa ke magana ba mai saurare. Na zauna a gajiye, sai marigayi Malam ya faɗo mini a rai, wanda ya koya mana rubutu da muhawara a ajin ƙarshe na sakandare a Funtua.

Dokarsa ita ce ba ka musa maganar mutum sai ka maimaita ta da bakinka, mai maganar ya gyaɗa kai. Wanda ya kasa, ya bar ajin.

Wata rana da kaka, motocin auduga na wucewa, aka haɗa ni da Ngozi, 'yar wani ɗan kasuwa, haifaffiyar garin. Ita tana kare takin zamani, ni kuma takin shanu. Na maimaita hujjarta a gurguje, ta girgiza kai. Na sake, ta ce, "Malam, ni ban faɗi haka ba."

Malam ya kakkaɓe alli daga hannun rigarsa, ya ce, "Ɗana, baki kaɗai ka zo da shi, kunnen ka baro a gona?"

Na roƙe ta ta sake faɗa, na saurara, na maimaita. Ta gyaɗa kai.

Malam ya ce, "To, yanzu kayar da ita."

Ban iya ba, don na riga na ga gaskiyarta. Ya ce, "Zauna. Yau ka shigo ajina."

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sanyaya makwancinsa, mu kuma Ya ba mu kunnen da ya so bar mana.