Mutumin da Ya Ba Ramin Guba Sifili

Mai Jadawali muke kiransa, shi kuma ya ɗauka yabo ne. Shekara ashirin da shida yana aiki a cibiyar gwamnati ta binciken maganin ƙwari, amma takalminsa bai san taɓon bayan sito ba. Da buga takardu ya fara, ya yi ta samun ƙarin girma saboda bai taɓa faɗin abin da za a riƙe shi da shi ba. Bangon ofishinsa cike yake da takardun shaidar halartar bita, aljihun teburinsa kuwa biskit.

Da aka ce a tsabtace filin cibiyar, kuma wuri ɗaya za a iya yi bana, shi aka ba zaɓi. Ya yanka taswira gida-gida kamar dara, kowane gida da makin gubar da ke ƙasarsa, wanda ya fi maki shi za a haƙe. Ni da na gama jami'a wata biyar da suka wuce, ni aka tura ɗebo ƙasa.

Inna mai wanke kwalaben ɗakin gwaji ce ta nuna mini tsohon rami a bayan sito. Ta ce da hannunta ta yi shekaru tana zuba ragowar magani a ciki, kafin a daɓe shi da siminti. Taku arba'in ne tsakaninsa da rijiyar gidajen ma'aikata, inda take zaune da jikokinta. Ƙarfen haƙata ya kasa huda simintin, sai na bar gidan ba lamba, na rubuta dalili a gefe.

Kwamfutar Mai Jadawali ta ɗauki gurbin a matsayin sifili. Filin ajiye motoci, inda man inji ya ɗiga, shi ya zo na ɗaya.

Na shiga na yi masa bayani. Ya ce maganar mai wanke kwalba ba ta da gurbi a jadawali.

"Ranka ya daɗe, ba a auna ba ne, ba wai babu ba."

"Yaro, ni na ƙirƙiro tsarin nan. Sa hannu, ko a nemo wanda ya iya."

Na sa.

Ran da motar haƙa ta fara aiki a filin motocin, gaban ofishinsa, ya tsaya aka ɗauke shi hoto da sabuwar hular kwano. Ni kuwa na zagaya gidajen ma'aikata, na tarar da Inna a bakin rijiya, na ce ta daina shan ruwan.

Ta ajiye guga, ta dube ni. "To ɗana, a ina zan ɗebo?"